Mun Kama Shi da Rai, Ina Za Mu Kai Shi? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Wakilin Ma'aikatar Gandun Daji da Namun Dawa na Yankin Arewa, Garwa, Kamaru

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina rubuto maka ne da yawun wasu mutane da sunansu bai shiga kundin kowane ofishi ba, amma da wuya ka sami unguwa a Garwa, daga Yelwa zuwa Marware, daga Rumde Ajiya zuwa Jambutu, da babu mai riƙe da lambar wayar ɗayansu. Mu ake kira idan maciji ya shiga ɗaki, ko zuma ta yi gida a silin, ko warin kashin jemage ya hana jama'a zaman masallaci, ko guza ta ƙare wa mace 'yan tsakinta. A cikinmu akwai 'ya'yan maharba, akwai waɗanda suka fito daga gidan gardawa, akwai masunta da ruwa ya daina ciyar da su. Ni kama maciji na gada, kwashe zuma kuma wurin masu amya na wajen Ngaundere na koya.

Kamun dabba mun iya shi, ba shi ya kawo ni ba. Abin da muka rasa shi ne wurin da za mu kai abin da muka kama, da takardar da za ta raka mu a hanya.

Ka fi ni sanin doka. Dokar gandun daji ta 20 ga Janairun 1994 ta raba namun dawa kashi uku, A da B da C. Ta ce duk wanda aka samu da dabbar rukunin A ko B, da rai ko a mace, ko da wani sashe nata ne kawai, za a ɗauka shi ya kama ta ko ya kashe ta, don waɗannan rukunai biyu su ne doka ta ba kariya. Ita wannan dokar kuma ta yi wa wanda ya kashe dabba don kare ransa ko dabbobinsa ko gonarsa uzuri, muddin ya kai hujja wurin jami'in da ya fi kusa da shi cikin awa 72. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a sabuwar doka, hukunci ya ƙara nauyi. Ba ni da ja a kan tsare namun dawa. Wanda ya ji yadda mafarauta suka karkashe ɗaruruwan giwaye a gandun dajin Buba Njida a 2012 ba zai ce doka ta yi tsauri ba. Amma dubi yadda abin ke faɗowa a kanmu. Mutumin da ya sassare mesa a bakin akurkinsa yana da ƙofar da zai bi ya wanke kansa. Wanda ya lallaɓa ta ya sa a buhu da ranta, ya ɗaura a bayan babur don ya fitar da ita gari, shi ne ya yi kama da ɓarawon daji, don shi aka gani da dabba a hannu, kuma ba shi da abin nunawa.

Ya faru da wani abokin aikina. Ya ɗauko mesa daga wani gida, aka tare shi a wani shinge da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Ya yi bayani, ya kira maigidan a waya, maigidan ya yi rantsuwa. Masu shingen ba su zalunce shi ba, su ma ba su san wa za su tambaya ba. Kafin a gama kiraye-kiraye la'asar ta yi, buhun na ɗaure a kan babur cikin rana. Da aka kwance, mesar ta mutu. Yaran da ke koyon aiki a hannunsa sun ɗauki darasi daga wannan rana, kuma ba darasin da kake so su ɗauka ba ne: tun daga nan, a inda suka sami maciji a nan suke kashe shi.

Maciji shi ne rabin aikinmu, kuma yana da lokacinsa. Da farkon damina, idan ruwa ya cika ramuka, kira ba ya yankewa. Sai kuma da kaka, lokacin da ake tara gyaɗa da masara, ana jibge kara a bayan gida. A shekarar ambaliya, irin 2012 da aka buɗe madatsar Lagdo, Binuwai ta malala, duk abin da ke rarrafe ya nemi tudu, tudun kuwa shi ne ɗakunan mutane. Yawancin macizan da ake kiranmu a kansu ba su da dafin kisa, ɓera kawai suka biyo. Amma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, ba kuma zan ga laifin uwar da ta ga abu na ja a ƙarƙashin gadon ɗanta ta ƙi tsayawa tantance iri ba. Waɗanda ke ɗaukar rai a ƙasarmu sanannu ne: kububuwa, kasa, kumurci da gamsheƙa.

Bari in nuna maka yadda ake fitar da gamsheƙa daga akurki, don ka ga cewa aikin yana da ƙa'ida. Mace ta tashi da safe ta tarar da kaji biyu a sandare, ƙwai babu. Kafin in iso unguwa ta cika gidan. Yara sun hau katanga, samari na riƙe da taɓarya, akwai kuma wanda ya riga ya zuƙo fetur daga babur a gora. Korar jama'a ta fi kama macijin wuya. Sai an yi baya sannan in sa tabarau irin na masu walda, don gamsheƙa ido take nufa da tofinta, kuma daga nisan mita biyu tana samu. Kayan aikina ba su da yawa: sandar rodi da maƙeri ya lanƙwasa mata baki, tocila, dogon takalmin roba, da buhun da na ɗinka wa guntun bututun roba a baki. In kwantar da bututun a gindin bango, in ɗaga tukunyar da ta ɓuya a ciki da ƙugiya. Ta miƙe, ta baje wuya, ta yi tofi. Ba na kai hannu wuyanta, masu yin haka don a tafa musu suke yi, kuma su ne aka fi sara. In bar ta ta huce, in taɓa wutsiyarta kaɗan. Maciji a tsorace duhu yake nema, da ta ga bakin bututu sai ta zurara ciki da kanta. In murɗe buhu, in ɗaure, in sa a bokiti mai murfi da aka huda. Idan an yi rashin sa'a tofin ya shiga idon wani, ruwa ne maganin farko, mai yawa, a yi ta kwarara, sannan asibiti. Ba lemun tsami, ba garin taba.

Kafin buhu ya ɗauru, maigida yakan ce ko nawa ne zai biya. Bayan an ɗaure, sau da yawa sai a koma "Allah ya saka da alheri." Amin, amma mai sayar da fetur ba ya karɓarta.

Kububuwa ce ke hana ni barci. Gajera ce, da ƙyar take kai tsawon hannu, launinta launin ƙasa. Tana kwana a ƙarƙashin tarin gyaɗa, cikin bulon da aka jera ba a yi gini ba, ko a gindin kara. Idan aka matsa mata takan naɗe jiki ta riƙa goga ɓawon fatarta, ka ji wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kaskon suya. Wanda ya san sautin zai ja da baya, wanda bai sani ba zai sunkuya ya duba. Mugun halinta shi ne wanda ta sara yakan ga kamar da sauƙi. Ƙafa ta kumbura, ya sha jiƙo, ya koma gona. Dafin kuwa ya riga ya hana jininsa daskarewa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai dasashi ya fara jini, fitsari ya yi ja, tsohon miki ya buɗe. A nan ne tsagar da aka yi masa da reza ta zama ƙofar mutuwa, ɗaurin da aka yi wa ƙafa da roba kuma ya riga ya kashe nama. Baƙin dutsen nan da ake mannawa a kan sara, wanda mutanenmu suka yarda da shi ƙwarai, ba ya zuƙe dafin da ya shiga jini. Na faɗi haka a gaban dattawan gidanmu, ban ji daɗin kallon da suka yi mini ba, amma gawar da na raka ta isa. A asibiti gwajin ba shi da wuya: a zuba jinin mutum kaɗan a busasshiyar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20, in bai daskare ba dafi na aiki, allurar kashe dafi kawai za ta tsayar da shi.

Na san allura ba a ofishinka take ba, ta ma'aikatar lafiya ce. Amma kana zama teburi ɗaya da su a gaban Gwamna, mu kuwa ko ƙofar ba ma kaiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 duk shekara a duniya. A 2017 ta sa shi cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Kwarin Binuwai na cikin wuraren da aka san kububuwa ta fi yin ɓarna a duk Afirka. Tun da kamfanin Sanofi ya daina yin allurar kashe dafi ta Fav-Afrique, wadda ragowarta ta ƙare aiki a 2016, samun allura mai kyau ya zama abin sa'a ga talaka, kuma kuɗin kwalba ɗaya kan cinye abin da manomi ya samu a buhunan hatsi, alhali wani sai an yi masa biyu ko fiye. A ƙetaren iyaka, garin Kaltungo na jihar Gombe ya yi suna da asibitin saran maciji. Allurar EchiTAb da suke amfani da ita, da dafin macizan Najeriya aka haɗa ta. Masu kama maciji irinmu suka tattaro su da rai, aka tatsi dafin, aka yi maganin a Birtaniya da Kosta Rika. Ke nan kububuwar da muke fasa wa kai kullum tana da amfani idan akwai hannun da zai karɓe ta. Mu da ke sa hannu a rami a madadin jama'a, idan aka sari ɗayanmu, karo-karo muke yi a tsakaninmu.

Wanda ya kira ni kan maciji, nakan ce ya nuna mini inda yake ajiye hatsi. Kusan kullum a nan amsar take. Buhunan masara a ɗakin kwana, ɓera ya biyo masara, maciji ya biyo ɓera. Sai maigida ya sayo shinkafar ɓera a kasuwa ya barbaɗa. Ɓera ya ci ya fita waje yana tangaɗi, kyanwa ta cinye shi ta mutu, mujiya ta ɗauka ta mutu, kaji su tsattsage ragowar. Bayan wata biyu ɓerayen sun dawo, masu cin su kuwa babu. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun hatsi don ƙwari. Da ta sha danshi take fitar da iska mai guba, an yi ta ne don rumbun da aka toshe, ba wanda ke shiga. Na shiga gidan da aka tura ta a ramin ɓera a ɗakin da yara ke kwana, aka rufe taga saboda sanyi. Allah ya sa uwar ta farka da ciwon kai ta fitar da su. Ana sayar da ita a faranti ɗaya da ashana da maganin sauro, mai sayarwa bai iya karanta abin da ke jikin gwangwanin ba. Mu abin da muke yi ba shi da ban mamaki: tarko, toshe rami da siminti da fasassun kwalabe, ɗaga buhu a kan katako nesa da bango, share ciyawar bayan ɗaki. Mutane ba sa son jin wannan, sun fi son a fesa wani abu mai wari su ga an yi aiki.

Zuma ma haka. Idan ta sauka a silin ko a ramin bishiyar makaranta, abin da ke fara zuwa ran mutane wuta ne, kuma an ƙona ɗaki saboda zumar da za a iya kwashewa cikin dare ɗaya. Da magariba ake zuwa, a yi mata hayaƙi kaɗan, a yanko saƙar a jera a amya. Idan sarauniyar ta shiga, sauran binta suke yi. Akwai masu kiwon zuma da za su karɓa da murna. Jemagun silin kuwa ba a kashe su. A jira su fita kiwo bayan faɗuwar rana, a toshe kafofin da ragar waya, sai dai ba a yi lokacin da suke da 'ya'ya, don 'ya'yan za su mutu a ciki, warin ya fi na da. Wanda zai kwashe kashinsu ya yayyafa ruwa ya rufe hanci, ƙurar tana taɓa huhu. Masu fesa musu fiya-fiya, su da iyalinsu suke shaƙa.

Akwai kiran da ba namu ba ne amma mu yake samu. Dorina ta fito ta tattake gonar shinkafa a bakin Binuwai, ko kada ya ɗauke akuya a mashaya, sai a kira mai kama maciji, don lambarsa ce a hannu. Wannan aikin hukuma ne, doka ku ta ba ikon kora ko harbi, mu ba ma taɓawa. Haka mahaukacin kare. Abin da nake iya yi shi ne in ce a wanke cizon da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti neman rigakafi, a kuma sanar da likitan dabbobi maimakon a jefa gawar karen a kwata, tunda ga ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, LANAVET, nan a Bokle, kusa da mu.

Ba zan ɓoye maka ba, a cikinmu akwai ɓata-gari. Akwai mai zuwa da macijinsa a aljihu, wanda ya riga ya cire wa haƙori, ya sake shi a bayan randa, ya kama a gaban jama'a, ya karɓi kuɗi har da na "ɗaure gida." Akwai mai ɗinke bakin kumurci ya yi wasa da shi a kasuwa har yunwa ta kashe shi. Akwai kuma wanda kafin ya fita unguwa da mesa, mai sayen fata ya riga ya kira shi, mai sayen nama ma ya kira. Kuɗin da suke bayarwa ya ninka abin da maigida ya ba shi, kuma ba sai ya ƙona fetur zuwa daji ba. Mutumin da ke da iyali, ga mai saye a kusa, ga shinge a gaba, ka san inda zai karkata. Yau babu abin da ke raba mai gaskiya da waɗannan a idon jami'i ko a idon maigida.

Ko sakin ma ba a banza ake yinsa ba. In na kai gamsheƙa bayan gari na kwance buhu kusa da wata ruga, matsalar Garwa na ɗauka na kai wa Bafulatani da shanunsa. In na kai ta nesa, wurin da ba ruwa ba maɓoya, mutuwa za ta yi a hankali. Ba ni da ikon shiga gandun Binuwai ko na Faro, kuma daidai ne a hana ni. To ina?

Ga abin da muke roƙo, Ranka ya daɗe. A rubuta sunayenmu. A bi ta hannun masu unguwa da jaurawa da fadar Lamiɗo, su sun san wanda ke aikin tsakani da Allah. Wanda aka tantance a ba shi kati mai hoto, da ɗan littafin da zai riƙa rubuta abin da ya kama, da gidan da ya kama, da ranar, maigida ya sa hannu. Wanda aka samu yana sayar da fata a ƙwace katin, mu da kanmu za mu kawo sunansa. Wannan littafin ma riba ce gare ku, don cikin shekara ɗaya za ku san unguwar da kububuwa ta fi yawa da watan da take fitowa, abin da asibiti zai so ya sani kafin ya yi odar allura.

A ba mu lambar waya ɗaya da za a ɗauka ko da dare ne, da wuri ɗaya da za mu miƙa dabba a rubuta an karɓa. Garwa tana da gidan namun daji. Tana da Makarantar Namun Dawa tun 1970, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama masu magana da Faransanci su koyi kula da dabbobi. Garin da ke koyar da baƙi wannan ilimi ba zai rasa malamin da zai zauna da mu kwana biyu ko uku ba, ya nuna mana rukunin da kowace dabba take a doka, da taimakon farko na zamani. Mu kuma mu nuna wa ɗalibansa yadda ake fitar da kasa daga ƙarƙashin gado ba tare da an fasa ɗakin ba, abin da ban tsammanin yana cikin littafinsu. A haɗa da 'yan kwana-kwana, don su ma ana kiransu kan zuma da maciji.

Sannan a yi magana da ma'aikatar lafiya da ta gona kan abu biyu: allurar dafi ta kasance a asibitocin da ke kusa da manoma, wajen Pitowa da Lagdo da Poli da Tuboro, kafin ruwan farko ya sauka, kuma a sa ido kan masu sayar da ƙwayar hatsi a faranti. Ranar 19 ga Satumba ce ranar wayar da kai kan saran maciji a duniya. Idan za a yi taro a gidan rediyo a wannan rana, a ba ɗayanmu minti goma ya yi magana da Hausa da Fulatanci, don masu tara gyaɗa ba da Faransanci suke jin gargaɗi ba.

Idan ka ga ya dace mu zo, ka aiko ta hannun kowane mai unguwa, saƙon zai same mu a ranar. Za mu zo da kayan aikinmu ka gani da idonka, buhunan kuwa wofi za mu kawo su.

Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani mai kama macizai da kwashe zuma,
a madadin abokan sana'arsa, Garwa.